Sanyin Asuba da Zafin Afrilu Sun Fi Guguwar Rana Haɗari ga Zuciyarmu

Akwai wani saƙo da ya ƙi mutuwa a wayoyinmu. Yakan ɓace wata da watanni, sai kuma ya dawo da sabon kwanan wata. Wai hukumar NASA, mai binciken sararin samaniya ta Amurka, ta yi gargaɗi cewa daren yau wani haske mai guba zai ratso daga sama, don haka kowa ya kashe wayarsa ya nisanta ta daga jiki, masu hawan jini da ciwon zuciya kuma kada su leƙa waje. Tun bayan babbar guguwar rana ta watan Mayun 2024, har haɗa shi ake yi da hotunan jan sararin samaniyar Turai don ya ƙara ban tsoro. Mutanen kirki ne ke tura shi a nan Katsina, da niyyar ceton rai.

Abin da ya dame ni shi ne, wanda ya tura wa mahaifinsa wannan saƙo da dare, da asuba yana gani dattijon zai fita cikin ɗarin Janairu da riga shara-shara, ya yi alwala da ruwan da ya kwana a buta a tsakar gida, bai ce masa komai ba. Bai san rabon da a auna jinin tsohon ba. Bai san maganinsa ya ƙare tun makon jiya ba.

Ra'ayina a nan a fili yake. Yanayi yana taɓa zuciya da jijiyoyin jini, kuma taɓawar ba ta wasa ba ce. Amma yanayin da ke kwantar da mutanenmu shi ne wanda muke ciki: sanyin hunturu, ƙurarsa, da zafin bazara. Guguwar rana, ko da tana da hannu, hannun ƙarami ne, kuma ba abin da kashe waya zai rage daga gare shi. Mun bar jaki muna dukan taiki. Ya kamata kula da hawan jini a jihar nan ya riƙa bin kalandar yanayi, daga gida har asibiti.

Mece ce guguwar ranar, kuma me take yi?

Rana tana da zagaye na kimanin shekara 11, tana lafawa tana tasowa. Idan ta taso, takan amayo wani tururi mai ɗauke da lantarki. In ya doso mu, cikin kwana ɗaya zuwa uku zai iso ya girgiza maganaɗisun da ke lulluɓe da duniya. Hukumar NOAA ta Amurka, mai lura da yanayi, tana auna girgizar daga mataki G1 zuwa G5. Ta ranakun 10 da 11 ga Mayun 2024 ta kai G5, wadda rabon da a ga irinta tun 2003.

Ɓarnarta a kan na'urori tabbatacciya ce. A watan Maris na 1989 ta kashe wutar lantarkin lardin Quebec na Kanada har tsawon awa tara. A Fabrairun 2022 ta kayar da taurarin ɗan'adam 38 na Starlink, mallakar kamfanin SpaceX. Takan rikita GPS da rediyo mai dogon zango. Dalilin ɗaukewar wutar kuwa, wayoyin lantarki masu tsawon ɗaruruwan kilomita suna tara cajin da girgizar ke haifarwa. Jikin mutum ba shi da wannan tsawon.

A irin yankinmu, babbar guguwa tana sauya ƙarfin maganaɗisun duniya da abin da bai wuce ɗaya ko biyu cikin ɗari ba. Na'urar MRI da ake ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa da ita tana da ƙarfin da ya ninka na duniya fiye da sau 40,000, kuma kullum mutane suna shiga suna fitowa lafiya.

"Amma ai an yi bincike"

An yi, kuma ba zan ɓoye shi ba. A 2014 mujallar Stroke ta buga wani nazari na Farfesa Valery Feigin da abokan aikinsa a kan masu shanyewar ɓarin jiki fiye da 11,000 a ƙasashen New Zealand, Ostareliya, Ingila, Faransa da Sweden. Sun ga cewa a ranakun guguwar, haɗarin shanyewar yana ƙaruwa da kashi 19 cikin ɗari. A 2019 wani nazarin a birane 263 na Amurka ya ga 'yar ƙaruwa a mace-macen ciwon zuciya. Masana a Rasha da Lithuania sun daɗe a kan wannan fage. Abin da suke zato shi ne girgizar tana taɓa tsarin da ke daidaita saurin bugun zuciya, ko sinadarin melatonin mai kula da barci. Har yanzu zato ne, ba a kama hanyar da hannu ba.

To, mu ɗauka cewa kashi 19 ɗin gaskiya ne ɗari bisa ɗari. Ma'anarsa, asibitin da ke karɓar masu shanyewar ɓarin jiki biyar a rana, ranar guguwa zai karɓi shida. Kuma guguwa mai matakin G5, a lissafin NOAA, kwana huɗu kacal take ɗauka a cikin shekara 11.

Yanzu a duba namu. Binciken SIREN da aka yi a asibitocin Najeriya da Ghana, har da na Kano da Zariya, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Mayowa Owolabi na Ibadan, an buga shi a 2018. Ya nuna mai hawan jini ya fi wanda ba shi da shi haɗarin shanyewar ɓarin jiki har ninki 19. Can ana maganar 19 cikin ɗari, nan kuwa ninki 19 ne. Kusan tara cikin goma na shanyewar da aka gani suna da alaƙa da hawan jini. Ga shi kuma kusan ɗaya cikin uku na manyan Najeriya yana da hawan jinin, kuma mafi yawansu ba su san suna da shi ba.

Sannan ko mutum ya ji tsoron guguwar, me zai yi? Bangon ɗaki da kwanon rufi ba sa tare maganaɗisu. Waya ba ta jawo shi. Kashe wayar ma shi ne haɗarin, domin in wani ya faɗi da ƙarfe biyun dare, da ita za a nemo mai mota. Ƙara ƙwayar magani a wannan daren kuwa, kamar yadda wasu ke ba da shawara, yana iya sauke jini fiye da kima, tsoho ya tashi fitsari ya yanke jiki ya faɗi.

"Sanyinmu ai ba sanyi ba ne"

Wannan ita ce maganar da ake yawan faɗa, kuma ita ta fi cutar da mu. Gaskiya ne ba ma ganin ƙanƙara. Amma jijiya ba ta tambayar ko ƙanƙara ta zuba, saukar da aka samu take ji. A Disamba da Janairu, rana a Katsina da Daura takan kai kusan digiri 30, kafin asuba kuma a sauka ƙasa da 15. Wato a wuni ɗaya jiki yana shan faɗuwar digiri goma sha wani abu. Gidajenmu kuma don zafi aka gina su: tsakar gida a buɗe, bayi a waje, taga mai raga. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada ɗakin kwana ya sauka ƙasa da digiri 18. Ɗakuna nawa ne a Ɓatagarawa ko Mai'aduwa suke riƙe wannan ɗumin da ƙarfe biyar na asuba?

Da sanyi ya taɓa fata, ƙananan jijiyoyin jini sai su tsuke don kada ɗumin jiki ya zube. Duk mai noman rani a bakin dam ɗin Jibiya ko na Sabke ya san abin da ke faruwa in an matse bakin tiyo: ruwa ya ƙara ƙarfi, injin ya fara gurnani. Haka zuciya take yi. Jini ya hau, bugu ya ƙaru, jinin kuma ya ƙara kauri ya fi saurin daskarewa. Wani babban nazari a China a kan mutane sama da 500,000 ya nuna duk saukar digiri 10 tana ƙara kusan maki 6 a lambar sama ta awon jini, kuma bambancin rani da hunturu ya kai maki 10. A Sakkwato, mai yanayi irin namu, wani nazari da aka buga a 2003 ya ga an fi kwantar da masu matsalolin hawan jini a lokacin hunturu a kan lokacin zafi.

Kada a raina maki 10. Nazarce-nazarcen magunguna sun nuna sauke lambar sama da maki 10 yana rage shanyewar ɓarin jiki da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Sanyi yana mayar da mutum baya da wannan adadin ba tare da ya ji komai ba.

Wani abin kuma, ko ba sanyi, jinin ɗan'adam yakan hau da kansa daga farkawa zuwa hantsi. Shi ya sa bugun zuciya, wato toshewar jijiyar zuciya farat ɗaya, da shanyewar ɓarin jiki suka fi aukuwa da safe. A haɗa wannan hawan da fitowa daga bargo kai tsaye, da ruwan ɗari a fuska da hannu da ƙafa, da hawa babur zuwa masallaci ko kasuwa iska tana dukan ƙirji. Duk an tara su a cikin minti goma sha biyar.

Gyaran ba shi da tsada. Wanda ya haura shekara 60, ko mai hawan jini, ko mai ciwon suga, ya zauna a bakin gado minti biyu kafin ya miƙe. Ya sa rigar sanyi da hula da safa tun yana cikin ɗaki, ba sai ya fita ya ji sanyin ba. A ɗumama masa ruwan alwala tun dare a zuba a filas. Alwala da ruwan ɗumi ta inganta, ba wani malami da zai ce a'a. Wanka kuma a bari sai rana ta ɗaga, a wurin da iska ba ta ratsawa, kuma ruwan ya zama mai ɗumi, ba mai ƙona fata ba, domin ruwan da ya yi zafi da yawa yana buɗe jijiyoyi farat ɗaya ya kawo jiri. Riguna biyu ko uku marasa nauyi sun fi guda ɗaya mai kauri riƙe ɗumi, kuma ana iya rage su in rana ta yi.

Kasko, ƙura da maganin mura

Hanyar da muka fi bi don maganin sanyi ita ma tana da nata haɗarin. Kaskon garwashi a ɗakin da aka toshe ƙofa da taga yana fitar da wata iska mai guba da ba ta da wari ko launi. Tana kama jini da ƙarfin da ya fi na iskar numfashi sau 200 da ɗoriya. Lafiyayye zai tashi da ciwon kai da jiri. Mai toshewar jijiyar zuciya yana iya ƙin tashi gaba ɗaya. A hura gawayin a waje har ya zama ja, a ɗumama ɗakin taga a buɗe, sannan a fitar da kaskon kafin a kwanta. Janareta kuma ba shi da wuri a soro ko baranda ko kusa da tagar ɗakin kwana. Haka ƙona taya da bola da matasa ke yi a bakin titi don jin ɗumi, hayaƙin yana shiga ƙirjin duk unguwar.

Hazon da ke rufe mana gari, mafi yawansa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi iskar arewa maso gabas ke kwaso shi. Ƙurar da ake gani a kan kujera hanci yana tare ta. Mai illar ita ce ƙanƙanuwar da ido ba ya gani, wadda ke wucewa har ƙarshen huhu, ta tayar da kumburi a jijiyoyi, ta sa jini saurin daskarewa. Ranar da hazo ya yi kauri har ba a hango ƙarshen layi, mai ciwon zuciya ya rage fita, ya bar aikin ƙarfi a waje. In fitar ta zama dole, takunkumi irin N95 wanda ya kama fuska ya fi amawali ko mayafi nesa ba kusa ba. A gida a yayyafa ruwa kafin shara, a goge kaya da jiƙaƙƙen tsumma.

Sai mura. Wani bincike a Kanada da aka buga a 2018 ya nuna haɗarin bugun zuciya yana ninkawa sau shida a makon farko na mura mai tsanani irin ta infuluwenza. Mu kuma da mura ta kama mu, kemis muka nufa. Da yawa daga cikin ƙwayoyin mura suna ɗauke da pseudoephedrine ko phenylephrine, waɗanda aikinsu shi ne tsuke jijiyoyi don hanci ya buɗe, kuma ba jijiyar hanci kaɗai suke tsukewa ba. Ga ciwon gaɓɓai da sanyi ke tayarwa, sai a ɗora diclofenac ko ibuprofen, su kuma suna riƙe gishiri da ruwa a jiki, suna rage ƙarfin maganin hawan jini. Mai hawan jini ya karanta bayan kwalin, ko ya faɗa wa mai kemis larurarsa kafin a miƙo masa komai. Farasitamol ya fi masa aminci.

Ban manta da abinci ba. Da sanyi ake ƙara shayi mai kauri, goro, tsire da balangu da yaji mai gishiri da dunƙule. Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yarda da shi shi ne ƙasa da giram 5 na gishiri a wuni, kimanin ƙaramin cokalin shayi guda, kuma lissafin ya haɗa da na cikin dunƙule da kanwa da burodi.

"Kakanninmu ma cikin wannan zafin suka rayu"

Sun rayu, amma a ɗakunan ƙasa masu kaurin bango da rufin azara ko ciyawa, da itatuwa a ƙofar gida. Mu muna kwana a bulo da kwano, sau da yawa ba silin, a unguwannin da aka sare itatuwansu. Su ba sa shan maganin da ke sa fitsari. Kuma wanda zafi ya kashe a zamaninsu ba a rubuta dalilin mutuwarsa ba.

Zafi yana yi wa zuciya akasin abin da sanyi ke yi, amma wahalar ɗaya ce. Jijiyoyin fata suna buɗewa don jiki ya huce, sai zuciya ta ƙara gudu don ta cika su. A hutu tana tura kimanin lita biyar a minti, a tsananin zafi aikin yana iya ninkawa. Mai aikin ƙarfi a rana yana iya zubar da lita guda ta gumi a awa ɗaya. Ruwan jiki ya ragu, jini ya yi kauri, gishirin jini ya rikice, ƙoda ta shiga matsi. Mafi muni shi ne daren Afrilu da Mayu da ba ya hucewa, zuciya ba ta samun hutun da ta saba samu cikin barci.

Ba sai mun je nesa ba. Ranar 3 ga Afrilun 2024, garin Kayes na Mali ya kai digiri 48.5, ana tsakiyar goman ƙarshe na azumi. Asibitin Gabriel Touré na Bamako ya samu mace-mace 102 a kwana huɗun farko na watan, alhali a duk watan Afrilun 2023 mutum 130 ne. Mafi yawansu tsofaffi ne. A aikin Hajjin 2024 zafi ya kai digiri 51.8 a Makka, mutane fiye da 1,300 suka rasu. Katsina a Afrilu haura 40 take yi, kuma layi ɗaya muke da Kayes da Bamako a yankin Sahel.

A nan ne magungunan suke bukatar ido. Wanda ke shan furosemide ko hydrochlorothiazide, jikinsa yana zubar da ruwa ta fitsari da gumi a lokaci guda. Wanda ke shan lisinopril ko losartan, in ruwan jikinsa ya yi ƙasa, ƙodarsa ce a gaba. Atenolol da danginsa suna hana zuciya ƙara gudu, don haka mai shan su ya fi saurin galabaita. Adadin da ya dace da mutum a Janairu yana iya yi masa yawa a Afrilu. Alamar ita ce jiri in ya miƙe, kasala, da lambar sama da ta sauka ƙasa da 100. Kuskuren da ake yi shi ne mutum ya ajiye maganin da kansa ya ce ya warke. Da damina ta kawo sanyi, jinin ya dawo da ƙarfinsa, shi kuma ba magani. Abin yi shi ne a koma wurin likita ya rage ko ya sauya. In kuma amai ko gudawa ya samu mai shan waɗannan magunguna a lokacin zafi, a ranar za a je asibiti, ba gobe ba.

Mai aiki a rana, lebura ne ko ɗan acaɓa ko mai tura kura, ya sha ledar ruwa guda, wato rabin lita, duk minti 30 zuwa 40, ko bai ji ƙishi ba. Fitsarin da ya koma ja alama ce ta ƙarancin ruwa. Tsoho ba ya jin ƙishi kamar yaro, don haka a miƙa masa, kada a jira ya nema. Amma akwai togaciya mai muhimmanci: wanda zuciyarsa ta gaza, mai kumburin ƙafa da haki, da mai ciwon ƙoda, ba a ce musu su yi ta sha ba. Likita ne zai yanka musu adadi, su kuma su riƙa hawa sikeli kowace safiya. Ƙaruwar kilo biyu cikin kwana uku ruwa ne ke taruwa.

Fanka tana taimako, amma in zafin ɗaki ya haura 40 iskar wuta kawai take hurawa. A irin busasshen zafinmu, jiƙa riga ko zani, ko shafa ruwa a wuya da hannaye, shi ya fi sauke zafin jiki, kuma ba ya bukatar wutar lantarki. Aikin ƙarfi a yi shi kafin ƙarfe 11 ko bayan la'asar. Addini ma ya riga mu, domin hadisi ya zo da umarnin a ɗan jinkirta azahar in zafi ya tsananta. Magunguna kuma kada a bar su a aljihun mota ko gindin taga, yawancinsu ana so a ajiye su ƙasa da digiri 30.

Azumi yana matsowa da kwana 10 ko 11 kowace shekara, yanzu ya baro bazara yana shiga hunturu. Duk da haka, wanda bai daɗe da samun bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki ba, da mai gazawar zuciya mai tsanani, da wanda jininsa ya ƙi sauka, su ga likita tun watan Sha'aban. Sau da yawa sauya lokacin shan maganin kawai ake yi, a mayar da mai sa fitsari zuwa buɗa-baki maimakon sahur. Wanda aka ce kada ya yi, Alƙur'ani ya riga ya ba shi rangwame.

Maijego tana bukatar kulawa ta daban. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da yawan gazawar zuciya bayan haihuwa a ƙasar Hausa, suka danganta shi da wankan jego, kwanciya a gadon wuta da kunun kanwa. Binciken baya-bayan nan da Farfesa Kamilu Karaye na Kano ya jagoranta ya fi karkata ga rama, talauci, hawan jinin ciki da ƙarancin sinadarin selenium. Ko ma wane ne ya fi rinjaye, maijegon da ke haki in ta kwanta, ƙafarta ta kumbura, tana tari da dare, a dakatar da tafasasshen ruwa da kanwa a kai ta asibiti. Ba sanyin haihuwa ba ne.

Awon da ake yi ba daidai ba

Duk wannan magana ba ta da amfani in ba a auna ba, domin hawan jini ba ya ciwo. Na'urar dantse ta fi ta wuyan hannu inganci. A zauna minti biyar, baya a jingine, ƙafa a ƙasa, hannu a kan tebur daidai da ƙirji. Ba shayi, ba goro, ba taba na rabin awa kafin nan, kuma a yi fitsari tukuna. A ɗaura a kan fata, ba a kan rigar sanyi ba, kuma kada a nannaɗe hannun riga ya shaƙe dantse. Maɗaurin da ya yi wa mai ƙiba kaɗan yana ba da lambar da ta fi ta gaskiya. A auna sau biyu da tazarar minti ɗaya, safe kafin magani da kuma dare, kwana bakwai a jere, a rubuta a littafi. A gida iyaka ita ce 135 bisa 85, a asibiti 140 bisa 90. Wannan makon awon a yi shi aƙalla sau biyu a shekara: farkon Disamba da ƙarshen Maris.

Wani zai ce rai da ajali a hannun Allah suke. Haka ne, ba mai ja. Amma wanda ya faɗi haka da damina yana gyara indararo, da rani yana yi wa shanunsa allura. Jikinsa ma amana ne. Kuma in bakin mutum ya karkace, hannu ko ƙafa ɗaya ya mutu, magana ta harɗe, ba iska ba ce, ba jifa ba ne. A yi addu'a a cikin mota ana tafiya. Maganin narkar da daskararren jini a ƙwaƙwalwa awa huɗu da rabi kawai yake da shi. Kada a ɗura masa ruwa ko rubutu a baki, yana iya shaƙewa, kada kuma a ba shi asfirin kafin a yi hoto, domin wata shanyewar fashewar jijiya ce. Nauyi a ƙirji da ya wuce minti 15, da gumi, da zafin da ke tafiya hannun hagu ko muƙamuƙi, shi ma kada a ce olsa ce. Lambar da ta kai 180 bisa 120 tare da ciwon kai mai tsanani ko dishi-dishin gani, asibiti kai tsaye.

Abin da ya rage ga hukuma

Yawancin gangamin awon jini kyauta ana yin sa ne a kusa da 17 ga Mayu, ranar hawan jini ta duniya. Abu ne mai kyau, amma a wurinmu lokacin ne zafi ya sauke jinin mutane, wanda yake bakin iyaka sai a ce masa lafiya lau. A ƙara wani zagayen a Disamba, a ƙofar masallatan Juma'a da manyan kasuwanni irin na Charanchi da Mai'aduwa, ranar da mutane suka taru da kansu.

Hukumar NiMet, mai hasashen yanayi ta Najeriya, tana fitar da gargaɗin hazo da na zafi. Gidajen rediyonmu su riƙa karanta shi da Hausa tare da jimla biyu ga masu ciwon zuciya, limamai kuma su ba shi minti ɗaya bayan huɗuba. Jihar nan tana da ƙananan hukumomi 34 da mazaɓu 361. Kowace cibiyar lafiya ta mazaɓa ta samu na'urar awo mai aiki, da batir, da maɗauri babba da matsakaici. Likitoci da ma'aikatan jinya su tsara ranar dawowar masu hawan jini ta faɗo a Nuwamba kafin ɗari ya kankama, da kuma Maris kafin zafi ya kai ƙololuwa, a duba adadin magani, a gwada ƙoda da gishirin jini ga masu shan maganin fitsari. Asibitocin da ke kwantar da masu shanyewar ɓarin jiki kuma, daga Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina zuwa manyan asibitocin Daura da Funtuwa, su riƙa rubuta ranar da ciwon ya fara da sa'ar da ya fara, jami'o'inmu su haɗa wannan da ma'aunin zafi da ƙura na filin jirgin sama, a fitar da sakamakon kowace shekara kafin Nuwamba.